Muna Kan Hanya: Amsa Daga Gadarif

Assalamu alaikum Malam, ƙanena. Ina gajiya, ya iyali, ya mutanen Kano? Saƙonka ya same ni tun kafin azumi, na ajiye shi na ƙi amsawa da wuri don kada in amsa da zafin rai. Tambayoyi uku ka jero mini a numfashi ɗaya, kamar dai ranar da muka haɗu a Madina, ka ji ina cinikin dabino da Hausa, ka juyo ka riƙe hannuna ka ƙi saki. Ka ce me ya kai mu Sudan tun farko. Ka ce shin har yanzu Hausawa ne mu na sosai, ko suna ne kawai ya rage. Sannan ka ce da yaƙi ya ɓarke aka kwaso ɗalibai 'yan Najeriya, me ya hana mu biyo su mu dawo gida. Na san da zuciya ɗaya ka tambaya. Amma ta ukun nan ta fama mini tsohon miki, kuma ba za ka gane dalili ba sai na ɗauko maka zancen daga tushe.

Kakana, mahaifin babana, shekararsa bakwai aka ɗora shi kan jaki aka bar ƙauyensu a kudancin ƙasar Kano, wajen Birnin Kudu. Shekarar 1903 ce. A watan Fabrairu Turawan Ingila suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki tuta ya fuskanci gabas. Duk inda ya ratsa, mutane na barin gonaki suna bin sa, har da waɗanda ba su taɓa taka Sakkwato ba. Mahaifin kakana manomi ne mai ɗan karatu. Rumbu biyu cike da dawa ya bari a buɗe, ya ce maƙwabta su ɗiba. Ina so ka riƙe wannan, domin akwai masu zaton yunwa ce ta koro mu, ko bara muka fito.

Gabas kuwa ita kaɗai ce ƙofar da ta rage. Tun taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka shirya yadda za su yi wasoson Afirka ba tare da sun zubar da jinin juna ba. Faransa ta shiga Damagaram a 1899, ta kashe Rabe a Kusuri a 1900. Jamus na zaune a Garwa. Ingila ta taso ta kudu ta haɗiye Bida da Kwantagora da Yola da Bauchi. Ga kuma maganar da aka jima ana yi tun zamanin Shehu, cewa wata rana jama'a za ta yi hijira zuwa bakin Nilu ta sadu da Mahadi. Mutane sun ga alamomin sun cika, suka ɗaure kaya.

A Burmi, kusa da kogin Gongola, aka tsaya. Karon farko a watan Mayu Turawa suka koma ba su shiga garin ba. Ran 27 ga Yuli suka dawo da ƙarin sojoji da manyan bindigogi, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Kakana bai ga yaƙin ba, mata sun ɓoye yara a wani kwazazzabo. Abin da ya riƙe har tsufansa shi ne warin hayaƙi, da yadda mahaifiyarsa ta toshe masa baki da gefen zaninta don kada ya yi kuka. Ina da shekara goma sha biyu ya rasu, kuma bai taɓa kai mana ƙarshen labarin nan ba. In ya zo wajen zanin, sai ya jawo carbinsa.

Waɗanda suka tsira suka bi ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno. Shekara uku tafiyar ta ci: Barno, Wadai, Darfur ta Sarki Ali Dinar, Kurdufan. Da rani a yi tafiya, da damina a roƙi gona a noma, a girbe, a sake ɗaure kaya. Ƙanwar kakana a Wadai aka binne ta. Da ƙafa suka tsallaka wani layi da ba a taɓa gaya musu an ja ba, domin a 1898 Ingila da Faransa sun kusa gwabzawa a Fashoda, bakin Farin Nilu, a 1899 suka sasanta a takarda cewa Wadai ta Faransa ce, Darfur da kwarin Nilu na ɓangaren Ingila. Da suka iso, suka tarar Mahadin Sudan ya rasu tun 1885, an karya rundunar magajinsa Halifa Abdullahi a Karari a 1898, tutar Ingila da ta Masar na kaɗawa kafaɗa da kafaɗa. Kakana ya ce ranar da mahaifinsa ya ga Bature a kan doki a Ubayyid, babban birnin Kurdufan, zama ya yi a ƙasa, ya yini bai ce uffan ba. Abin da suka guda ya riga su zuwa.

Amma Baturen nan na Sudan bai kore su ba, don yana bukatar hannu. Yaƙe-yaƙe da yunwar da ake kira Sanat Sitta, ta 1306 hijiriyya, sun bar ƙasa mai kyau ba masu noma. A 1906 Mai Wurno ya sauka a garin Shaikh Talha, daga baya aka ba shi fili a ɗaya gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin na nan da sunansa, da sarautarsa, har gobe. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, tsakanin Nilu biyu, don masaƙun Lankasha ta Ingila su samu auduga mai dogon zare, su waye suka sunkuya suka cire ta? Kakana ya haƙa magudanun ruwa, ya yi cirar auduga, ya yi tumɓukar karanta bayan girbi, aikin da ke karya ƙugu. A shekarun 1930, da kasuwar duniya ta faɗi, farashin auduga ya zube, manoma da yawa suka watsar da gonakin da aka yanka musu, waɗanda ake kira hawasha, mutanenmu ne suka karɓi wasu suka raya. Kakana a lokacin ya samu tasa. Masarautar da ta kore mu daga yamma ita ce ta ci guminmu a gabas, kuma ban ga wanda ya rubuta wannan a littafin tarihin da na karanta a makaranta ba.

Dangin mahaifiyata hanyarsu daban. Daga ƙasar Damagaram suka taso a shekarun 1930, aikin tilas na Faransa ya ishe su, ga kuma niyyar hajji. Suka bi Fallomi, Injamena ta yau, da Abeshe, da Junaina. Yaƙin Hitila ya same su a Fashir, guzuri ya ƙare, kakana na wajen uwa ya shiga ga-ruwa a filin jirgi. Lokacin Ingila na harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, a tuƙo su ta Kano, Maiduguri, Fallomi, Junaina, Fashir, Kartum, har Alƙahira, saboda Bahar Rum ta yi haɗari, Italiya kuma ta taɓa kama Kasala a 1940. Wata rana wani tafinta ya nuna masa jirgi ya ce shekaranjiya a Kano ya kwana. Kakana ya ajiye garwa ya je ya shafa fiffiken da tafin hannu, ya shafa a fuskarsa. Shi shekara biyar ya yi a wannan hanyar.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi wuyar bayani. Tsofaffinmu ba su taɓa cewa sun zauna ba. In ka tambaye su, sai su ce, "Muna kan hanya." Mutum ya shekara hamsin a gari, ya aurar da jikoki, amma yana kan hanya. Kakana ya ƙi a yi masa ɗakin ƙasa, a bukkar ciyawa ya rasu, yana cewa mai hanya ba ya gini. Sai bayan rasuwarsa babana ya sayi jan bulo. Kakata ta wajen uwa, da muke kira Iya, tana da wani gwangwanin shayi mai murfi, ja ne amma fentin ya goge sai a gefe, tana binne shi ƙarƙashin ƙafar gadonta. Duk kakar auduga sai ta tono shi ta zuba abin da ta samu, ta tofa masa addu'a, ta mayar. Kuɗin Makka ke nan. Haihuwa ta zo a taɓa shi, ciwo ya zo a taɓa shi, likkafanin mijinta daga cikinsa aka saya. Sau nawa gwangwanin nan ya koma fanko, ita kaɗai ta sani. A 1974 ya cika. Muka raka ta tashar jirgin ƙasa, ta tafi Bur Sudan ta hau jirgin ruwa ta tsallaka Bahar Maliya, kusan shekara arba'in bayan ta bar Damagaram da niyya. Da ta sauke farali, akwai jiragen alhazai masu zuwa Kano, kuma wasu 'yan ƙasarsu da ta haɗu da su a Mina sun ce ta biyo su. Ta dawo Jazira. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Inda aka binne cibiyar 'ya'yana, can zan kwanta."

Shi ya sa kalmar takari ke yi mini ciwo in na ji ta a bakin mutanen gida. Ku kuna faɗarta da nufin wanda ya maƙale a ƙasar mutane ba takarda. Asalinta Takarir, sunan da mutanen gabas suka jima suna kiran alhazan yamma da shi, kuma da can suna ne na mutanen Alƙur'ani. A nan kuma an fi ce mana Fallata, a haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare a kwando ɗaya, wani lokaci da girmamawa, sau da yawa da taɓe baki.

Maganar takarda kuwa, mun sha ta. A 1948, kafin Turawa su tafi, aka yi dokar da ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dubi ranar da kyau. An aza ta daidai inda duk wanda ya zo da hijirar Burmi, da duk wanda ya zo aikin Jazira, zai tsaya a waje. Sudan ta samu 'yanci a 1956, dokar 1957 ta riƙe ranar nan. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956, amma nauyin kawo hujja kullum a wuyanmu yake. Ina da shekara goma sha takwas na je wani ofis neman jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa, don ba a shiga jami'a sai da ita. Ma'aikacin yana ta rubutu cikin fara'a, muna hira da Larabcin da ba shi da bambanci da nasa, har ya ce, "Ƙabila?" Na ce Hausa. Ya ajiye alƙalami. Sau huɗu muka koma, da babana, da ƙanin kakana da aka ɗauko a kan angarib, gadon igiya, don ba ya iya tafiya, da takardun harajin shekarun 1930 da babana ya adana a cikin gafakar Alƙur'ani. Wasu danginmu sun gaji sun rubuta wata ƙabila, suka samu a yini ɗaya, kuma ban taɓa zarginsu ba. An ba babana wannan shawara. Ya ce, "Sunan da ubana ya ɗauko a ƙafa daga Kano, ba zan yar da shi a bakin ƙofar ofis ba." Na rasa shekara guda ta karatu, na samu takardar da sunana na gaskiya.

To, ka ce ko Hausawa ne mu na sosai. Na je Kano sau ɗaya, a 2004. Da na hango Dala daga cikin mota hawaye suka zubo mini, don dutsen da kakana ke ba mu labarinsa ne. Washegari na shiga kasuwa, na buɗe baki, masu shago suka yi ta kiran juna su zo su ji Hausar Balarabe. Ba su nufe ni da sharri ba, har shayi suka saya mini, amma na kwana da abin a raina. Gaskiya ne, ni ina cewa arabiya, kai kana cewa mota. Ni mustashfa, kai asibiti. Ni tarabeza, kai tebur. Ni jardal, kai bokiti. Malam, kai malamin makaranta ne, ka faɗa mini tsakani da Allah, a cikin waɗannan wanne ne Bahaushe? Kowannenmu ya ari kalma daga wanda ya zauna da shi, kai daga Bature, ni daga Balarabe. Iya kuwa har ta rasu zambar take cewa in tana ƙirga dubbai, in ta yi tuntuɓe ta ce "Shehu Ɗan Fodiyo!", kuma tana da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da na ba yaran masaukina a Kano suka ce ba su taɓa ji ba. Alƙur'anin kakana rubutun hannu ne, warƙa-warƙa, da jan wasali da ɗigon rawaya, ruwayar Warshu, a ƙasar da aka fi karatu da Duri da Hafsu. Da shi na yi sauka. Boko na Hausa kuwa da girmana na koya, daga rediyo da jaridun da alhazai ke bari, don mu da ajami da Larabci muka tashi.

Ba zan ɓoye maka ba, harshen na raguwa a birni. Jikokina da aka haifa a Kartum suna ji, amma da Larabci suke amsawa, kakarsu ma habboba suke ce mata. Abin na damuna ƙwarai. Amma ka zo ƙauyukanmu na bakin Rahad da Dindir da Shuɗin Nilu, ko unguwanninmu na Gadarif da Kasala, yaro ba ya jin Larabci sosai sai ya shiga makaranta. Kuma na ji an ce akwai gidajen Hausawa a Abuja da yara ke amsa wa iyayensu da Turanci, ba wanda ya cire su daga Hausawa.

Tuwo da miyar kuka ba sai na tsaya faɗa ba, suna nan, kisra da asida sun zauna kusa da su. Abin da nake so ka sani shi ne mu ma mun ba ƙasar nan. Duk birnin da ka shiga a Sudan da magariba za ka ji ƙamshin tsire da ƙuli-ƙuli, kuma kowa, Balarabe da Banube da mutumin Beja, agashe yake ce masa, da kalmarmu. Matanmu ke dama godo-godo, ƙanwar fura, ana layi ana saya. Aisha Fallatiya, 'yar mutanenmu, ita ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a Rediyon Umdurman a shekarun 1940. In kuwa jallabiyata da rawanina ne suka sa ka shakka, dubi amaren Kano: laffaya, dilka, humra, turaren tsuguno. Ta wace hanya suka iso muku, in ba ta hanyar da kakannina suka bi ba?

Aure shi ne inda tsofaffinmu suka fi tsauri, kuma shi ne inda aka fi yi mana tsauri. A da, ba ma ba da 'ya a waje. Namiji ya auro daga Barebari, daga Fulani, daga mutanen Darfur, ba laifi, amma 'ya mace sai ɗan gida. Ƙanwata malamar makaranta ce, wani abokin aikinta Balarabe daga arewacin Kartum ya nemi aurenta. Mutumin kirki, mai salla, ba abin da za ka kushe. Babana ya shekara biyu yana cewa a'a. Da na matsa masa, bai ce mini komai game da asali ba. Ya ce, "In ta haihu, da wane baki jikana zai gaishe ni?" Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗin duk haihuwa a gida za ta yi wankan jego. Aka yi bikin da kowa ya kawo nasa: su suka kawo shaila, lefensu ke nan, suka yi jirtik da jan kaya da madara, ango ya sha lalle a hannu, mu muka yi kamu da wankan amarya da buɗar kai, aka kai gara. Ɗanta na fari a kan tabarmar babana ya koyi "ina kwana". Yau likita ne, yana gaya wa kowa cewa kawunnansa Hausawa ne, kuma ba ya sassauta murya in zai faɗa.

Ɗaya gefen kuma ɗana ne ya ɗanɗana. Ya nemi wata yarinya da suka yi jami'a tare, iyayenta suka karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo jabana, kofi mai citta, aka zuba mana zagaye uku. Sai wani kawunta ya tambayi asalinmu. Bayan kwana uku aka aiko cewa an riga an yi mata miji a dangi. Yaron ya yi wata bai ci abincin kirki ba. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san irin wannan amsar, da bakinmu mun taɓa ba wasu. Yanzu samari na karya wannan katanga ta kowane ɓangare, kuma ni ina tare da su, ko da yake tambayar babana ba ta bar kunnena ba.

Sai mu zo ga ta ukun. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Tushensa ƙasa ce da sarauta: mutanenmu sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu a jihar, wasu ƙabilun yankin suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, baƙo ba ya da ita. Ɗaruruwa suka mutu ta kowane ɓangare, dubbai suka bar gidajensu, kuma maƙwabta ne da suka shekara aru-aru suna cin kasuwa ɗaya. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Kartum. A kwanakin nan maganar da ta fi yawo ita ce, "Su koma ƙasarsu." Mu Hausawa mun ce baƙo raɓa ne. Raɓar da ta shekara ɗari da ashirin, ta haƙa magudanai, ta binne kakanni huɗu a ƙasa, har yanzu raɓa ce?

Ka gane yanzu? In ka ce mini "ku dawo gida", da ƙauna ka faɗa, na sani. Amma a kunnena maganar nan ce ta 2022 ta zagayo ta ɗaya ƙofar. Can an ce ba na nan ba ne, kai kuma kana tabbatar musu. Ɗaliban da aka kwasa ta iyakar Masar da Bur Sudan fasfo ɗin Najeriya ne a hannunsu, iyayensu na jiran su a filin jirgi, kuma na yi murna da suka tsira, wasu a gidajen mutanenmu suka ɓuya kafin motoci su zo. Ni takardata ta Sudan ce, wadda aka ɗauko tsoho a kan gado don in samu. In na sauka a Kano, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Gonar wa zan noma? Gida biyu maganin gobara, haka ne, amma sai in kana da ɗaki a na biyun.

Yaƙin da ya fara ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF bai tambayi ƙabilar kowa ba kafin ya ci gidansa, ƙasashen waje kuma kowa da wanda yake miƙa wa makami, kamar yadda aka yi a zamanin kakana. Muna Madani, babban birnin Jazira, muna karɓar 'yan gudun hijirar Kartum, mutum ashirin da uku a gidana, rabinsu ba Hausawa ba. A watan Disamba Madani ma ta faɗi. Muka fita da asuba a bayan babbar motar ɗaukar dawa. Uwargida ta ɗauki takardun yara da maganinta, ni na rataya gafakar kakana a ƙarƙashin jallabiya. A hanya jikata 'yar shekara huɗu ta fara kuka daidai wani shinge, na ga uwarta ta jawo gefen mayafinta ta toshe mata baki. Ban san sa'ad da na fara salati da ƙarfi ba.

Gabas muka sake yi, zuwa Gadarif, inda Turawa suka fara noman inji a shekarun 1940 don ciyar da sojojinsu, inda kuma danginmu suka daɗe suna yankan riɗi da dawa. Wanda ya ba mu ɗakuna biyu a gidansa surukin nan ne, mijin ƙanwata, da babana ya shekara biyu yana ƙi. Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025. Ɗana ya je ya duba gidan: ba ƙofofi, ba wayar lantarki, amma bango na tsaye, itacen lemun da babana ya dasa bai mutu ba. Bayan damina za mu koma in Allah ya yarda.

Abin da nake roƙonka ba masauki ba ne. In ka samu hutu, ka je wajen Birnin Kudu. Kakana ya ce ƙauyensu na yamma da wani dutse mai kogo, akwai tsohuwar rijiya da tsamiya biyu a bakinta, ɗaya ta karkata kamar mai ruku'u. Ka tambayi tsofaffi ko an taɓa ba su labarin mutumin da ya bar rumbunsa a buɗe ya bi Sarkin Musulmi, shekarar zuwan Nasara. In tsamiyar na nan ka ɗauko mini hotonta, in nuna wa jikokina. In kuma ka samu mai zuwa Umara, ka ba shi ɗan goro da daddawar kalwa, akwai ɗan ƙanina a Jidda da zai karɓa, don tamu ta nan ba ta kai taku ƙamshi ba. Ka gaida Hajiya, ka gaida ɗalibanka. Uwargida na gaishe ku, ta ce a faɗa wa amaryarka ta daina sayen humrar kasuwa, za ta haɗa mata da hannunta ta aiko.